Tangaran mai anayon fiye da ɗaya: me masana ke nema, kuma ina aka kwana?

Lokaci zuwa lokaci kafafen yaɗa labarai kan ɗauko rahoton cewa wasu masana sun haɗa wani sabon abu da zai ciro makamashi daga ruwa da taimakon hasken rana, ko taga mai yin duhu da kanta idan rana ta take, ko gilashin da harsashi ba ya hudawa. Mai sauraro yakan ɗauka labarai ne da ba su da dangantaka da juna. Alhali kuwa da yawansu 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana kimiyyar sinadarai ke kira tangaran mai haɗakar anayon.

Ruɗanin da ke tattare da batun ya kasu biyu. Wasu na ganin abu ne sabo fil da aka gano jiya, wasu kuma da zarar sun ji an ce "an ƙirƙiro" sai su zaci gobe za a same shi a kanti. Gaskiyar maganar ita ce wasu daga cikin irin waɗannan kayayyaki sun shafe fiye da shekara 50 suna aiki a gidajenmu da asibitocinmu, yayin da mafi yawan waɗanda ake ta yayatawa yau ba su wuce 'yan giram na gari a cikin kwalbar ɗakin gwaje-gwaje ba.

Ma'anar kalmomin

A wajen masu kimiyya, tangaran, ko siramik, ya wuce kofi da faranti. Duk wani abu mai tauri wanda ba ƙarfe ba ne, ba roba ba ne, aka kuma samar da shi ta hanyar gasa gari a wuta mai tsanani, tangaran ne. Tukunyar yumɓu tana ciki, haka farin dutsen da ke jikin fulogin mota, da ƙananan kafasita, wato ma'ajiyar cajin lantarki, waɗanda ake samun ɗaruruwansu a cikin wayar hannu guda.

Irin waɗannan kayayyaki an gina su ne da atom, wato ƙwayar zarra, iri biyu. Akwai masu ba da ilektron ɗinsu su zama masu cajin fozitif, su ne katayon, kuma galibi ƙarafa ne kamar alminiyom, tetaniyom da bariyom. Akwai masu karɓar ilektron su zama masu cajin nagetif, su ne anayon. A gishirin miya, sodiyom ne katayon, kulorin kuma anayon. A mafi yawan tangaran da aka sani, anayon ɗin guda ɗaya ne tak, oksijin, shi ya sa ake kiran su oksaid.

To idan aka samu anayon iri biyu ko fiye suna zaune a cikin tsarin kiristal guda, shi ne haɗakar anayon. Oksijin da naitrojin suna ba da oksinaitaraid, oksijin da fulorin oksifuloraid, oksijin da salfa, wato farar wuta, oksisalfaid, sannan oksijin da haidrojin mai cajin nagetif oksihaidaraid. Ya kamata a lura cewa ba cuɗa gari biyu a kwano ake nufi ba. Dole ne anayon ɗin biyu su kasance maƙwabta a cikin jeren atom na abu guda, har ya zama sinadari ɗaya mai halinsa na kansa. Akwai misalinsa a cikin ƙasa: dutsen tofaz, wanda ake haƙowa a tsaunukan Jos, alminiyom ɗinsa na riƙe da oksijin da fulorin a lokaci guda.

Me ya sa ake taɓa anayon?

Shekara da shekaru, idan masani na son sauya halin wani tangaran, ƙarfen cikinsa yake canzawa: ya cire bariyom ya sa sitirontiyom, ya rage wannan ya ƙara wancan, oksijin kuwa a bar shi yadda yake. An ci riba mai yawa ta wannan hanya, amma an tattake ta sosai. Wani nazari da Hiroshi Kageyama na Jami'ar Kyoto da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature Communications a 2018 ya nuna cewa a babban kundin da ake adana tsarin kiristal akwai oksaid sama da 50,000, amma oksinaitaraid 'yan ɗaruruwa ne, oksihaidaraid kuwa ba su kai 50 ba. Wannan tazara ita ce ta ja hankalin masu bincike.

Sai dai ƙarancin adadi ba shi kaɗai ne dalili ba. Anayon sun bambanta ta girma, ta yawan caji, da kuma ƙarfin da kowanne ke riƙe ilektron da shi. A ma'aunin Linus Pauling, fulorin na da 3.98, oksijin 3.44, naitrojin 3.04, salfa 2.58. Ma'ana naitrojin ya fi oksijin sassauci wajen sakin ilektron. Wannan kuwa yana taɓa abin da ake kira giɓin makamashi, wato ƙarancin ƙarfin da ilektron ke buƙata kafin ya kuɓuce daga mazauninsa ya fara yawo a cikin abu. Giɓin shi ke yanke hukuncin launin abu, da irin hasken da zai sha, da ko wutar lantarki za ta ratsa shi.

Tantalom ya fi kowa nuna wannan a fili. Oksaid ɗinsa, Ta2O5, farin gari ne, giɓinsa kusan ilektron-bolt 3.9, don haka ba ya shan hasken da ido ke gani. Idan aka zuba shi a ƙaramin kwale-kwalen alumina, aka tura cikin tanderu mai siffar bututu, aka yi ta hura masa iskar amoniya a zafin da ya haura digiri 800 na tsawon sa'o'i, garin da ya shiga fari tas zai fito ruwan ɗorawa. Ya zama TaON ke nan, giɓinsa ya sauko wajen 2.5. Idan aka ci gaba har naitrojin ya kore oksijin gaba ɗaya, sai a sami Ta3N5, ja wur, mai giɓin kusan 2.1. Ƙarfen bai canza ba, maƙwabtansa kawai aka sauya.

Akwai fa'ida ta biyu. Anayon masu bambancin girma sosai, kamar oksijin da salfa ko asenik, ba sa son zama wuri ɗaya, sai kowanne ya yi nasa shimfiɗar, hawa kan hawa. Wannan yana ba da damar a sami abu guda da wani hawansa ke ɗaukar wutar lantarki, wani kuma ke tare ta.

Ba jiya aka fara ba

Farar hodar da aka daɗe ana shafawa a cikin doguwar fitilar fuloresan, wadda aka gano a Ingila a shekarun 1940, tana ɗauke da fosfet tare da fulorin da kulorin. Jan launin tsohuwar talabijin mai ƙeya, tun daga ƙarshen shekarun 1960, yana fitowa ne daga wani oksisalfaid na itiriyom. A asibiti ma, ɗan'uwansa na gadoliniyom, Gd2O2S, shi ne ke mayar da hasken eksire ya zama hasken da na'ura ke iya karantawa a cikin injinan hoton CT da dama.

A farkon shekarun 1970, masu bincike a cibiyar nazari ta Toyota a Japan, da kuma Kenneth Jack da abokin aikinsa a Jami'ar Newcastle ta Ingila, kowa a gefensa, suka gano dangin da ake kira SiAlON, mai silikon, alminiyom, oksijin da naitrojin. Da farko taurinsa da jure zafinsa aka duba, aka riƙa yin haƙoran injin yankan ƙarfe da shi. Sai bayan shekara 30 aka gane wata baiwar tasa. A 2005 ayarin Naoto Hirosaki na cibiyar binciken kayayyaki ta ƙasar Japan da ke Tsukuba ya nuna cewa idan aka ɗiga wa wani nau'insa ɗan yurofiyom, yana karɓar shuɗin hasken LED ya mayar da shi kore shar, a tsawon zango na kusan nanomita 540. Da yake launin ba ya dusashewa ko da fitilar ta yi zafi, sai kamfanoni suka sa shi a fitilun bayan allon talabijin da kwamfuta.

Labarin AlON, mai alminiyom, oksijin da naitrojin, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin yana nuna yadda naitrojin kaɗan ke sauya komai. Alumina zalla, wato oksaid na alminiyom, idan aka gasa garinta ta dunƙule, haske na ratsa ta amma ba a gani ta cikinta, saboda tsarin kiristal ɗinta yana karkata haske gwargwadon ɓangaren da ya fito, kuma ƙwayoyin da suka haɗu suka yi dunƙulen kowace na fuskantar nata gefen. A 1979 James McCauley da Normand Corbin na ɗakin binciken sojan Amurka suka nuna cewa shigar naitrojin na mayar da tsarin ya zama mai daidaito ta kowace fuska. Haske sai ya wuce daga ƙwaya zuwa ƙwaya ba tare da warwatsewa ba. Sakamakon shi ne tangaran garau kamar gilashi, mai taurin da ya kusa na dutsen safaya. Kamfanin Surmet ne ke ƙera shi a Amurka, ana yin tagogin sulke da murfin na'urorin hangen zafi da shi. Yana da tsada ƙwarai, shi ya sa bai bar hannun soja da masu ayyuka na musamman ba.

Shekarar 2008 da abin da ya biyo baya

Abin da ya farkar da fagen baki ɗaya ya faru ne a Cibiyar Fasaha ta Tokyo. Ayarin Hideo Hosono na neman semikondakta ne mai barin haske ya ratsa, a cikin kayayyaki masu hawa-hawa. A watan Fabrairun 2008 suka sanar da cewa LaFeAsO, mai lantanom, baƙin ƙarfe, asenik da oksijin, idan aka maye gurbin wani kaso na oksijin ɗinsa da fulorin, wutar lantarki na ratsa shi ba tare da wata turjiya ko asara ba, a sanyin digiri 247 ƙasa da sifili. Abin ya ba da mamaki, domin an daɗe ana ganin ƙarfe mai maganaɗisu abokin gabar wannan hali ne. Cikin 'yan watanni masu bincike a China suka ɗaga iyakar zuwa kusan digiri 218 ƙasa da sifili ta hanyar sa samariyom a madadin lantanom.

Daga nan ƙofofi suka yi ta buɗewa. A 2012 ayarin Kageyama ya dumama farin garin bariyom taitanet, wanda da shi ake yin kafasita, tare da kalsiyom haidaraid. Garin ya koma shuɗi mai duhu, haidrojin ya maye gurbin kusan kashi ɗaya cikin biyar na oksijin, abin da ba ya ɗaukar wuta ya fara ɗauka. A Norway kuma, a 2011, masu bincike a cibiyar fasahar makamashi da ke Kjeller kusa da Oslo suka lura cewa siririn shafen itiriyom mai haidrojin da oksijin yana yin duhu idan rana ta haska shi, ya washe idan aka kawar da ita. Daga nan maganar taga mai daidaita haske da kanta ta samo asali. A 2016 gwamnatin Japan ta ware wa wannan fage shirin bincike na musamman na shekara biyar.

Inda gizo ke saƙa

Duk wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa ake kiran waɗannan kayayyaki na gwaji, to ya dubi tanderu. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kuma yawancin ƙarafa sun fi son oksijin a kan kowane anayon. Idan aka gasa abu a sarari, oksaid za a samu. Naitrojin kuwa, duk da yawansa a iska, atom ɗinsa biyu-biyu suke a ɗaure da ƙulli mai ƙarfin gaske, kusan ninki biyu na ƙullin oksijin, ba ya shiga haɗi cikin sauƙi. Shi ya sa ake komawa ga amoniya, ko a rufe kayan a bututun gilashi da aka zuƙe iskarsa, ko a matse su da nauyin da ya ninka na iskar duniya sau dubbai. Kowace hanya kuma ɗan abu kaɗan take bayarwa.

Samun garin ma rabin aiki ne. Mai ginin tukwane ya san tukunyar da ba ta ji wuta sosai ba ruwa ke tsiyaya ta jikinta; haka tangaran lantarki, sai ƙwayoyinsa sun manne babu kafa kafin ya yi amfani. Amma oksinaitaraid irin su SrTaO2N sukan fara zubar da naitrojin ɗinsu a wajen digiri 1,000, kafin a kai zafin da zai dunƙule su. Oksihaidaraid na bariyom kuwa tun daga wajen digiri 400 haidrojin ke fita. A ƙara wuta sinadarin ya lalace, a rage ta dunƙulen ya fito da ramuka. A ganina wannan matsala, wadda ba ta cika samun kanun labarai ba, ita ce babbar katangar da ke tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta.

Matsala ta gaba ta fi wannan dabara. A cikin SrTaO2N, kowane atom na tantalom na da maƙwabta shida: sama, ƙasa, gabas, yamma, kudu da arewa. Huɗu oksijin ne, biyu naitrojin. Shin naitrojin biyun suna fuskantar juna ne, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, ko kuwa suna gefe da gefe, ɗaya a gabas ɗaya a arewa? Amsar na iya sauya halin lantarkin abun baki ɗaya. Hasken eksire, wanda da shi aka saba leƙen tsarin kiristal, da ƙyar yake bambanta su, domin lambar naitrojin 7 ce ta oksijin kuma 8. Dole sai an yi amfani da niyutron, wanda ake samu a manyan cibiyoyi ƙalilan kamar ISIS kusa da Oxford, ILL a Grenoble ta Faransa da J-PARC a Japan. Da wannan hanya ce Paul Attfield na Jami'ar Edinburgh da Amparo Fuertes ta Barcelona da abokan aikinsu suka nuna a 2011 cewa zaman gefe da gefe ne ya fi rinjaye, kuma naitrojin na yin sarƙa mai karkace-karkace wadda ba ta maimaita kanta daidai. Oksijin da fulorin kuwa ko niyutron ba ya raba su, sai an nemi wasu dabarun.

Saɓanin masana

Babbar muhawara ita ce ta raba ruwa da hasken rana domin samun haidrojin. Tun 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda suka nuna cewa oksaid na tetaniyom na iya wannan aiki, amma da hasken altarabayolet kawai, wanda bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Masu goyon bayan haɗakar anayon, wanda Kazunari Domen na Jami'ar Tokyo ke kan gabansu, suna cewa ga maganin nan: TaON, BaTaO2N da oksisalfaid irin Y2Ti2O5S2, wanda ayarinsa ya raba ruwa da shi a 2019, duk suna shan hasken da ido ke gani. Masu shakka kuma suna nuni da cewa sassaucin da ya rage giɓin shi ne raunin abun, domin cajin da ya kamata ya ciro oksijin daga ruwa yakan juyo ya ci naitrojin ko salfar da ke jikin kiristal ɗin. Abin lura shi ne, lokacin da ayarin Domen ya yi babban gwajin fili mai faɗin murabba'in mita 100, wanda aka wallafa a 2021, oksaid zalla ya yi amfani da shi, sitirontiyom taitanet, kuma abin da aka mayar haidrojin daga ƙarfin rana bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Masana na ƙiyasta cewa sai an kai kashi 5 zuwa 10 kafin harkar ta biya kuɗinta.

Akwai irin wannan jayayya a kan kafasita. A 2004 ayarin Patrick Woodward na Jami'ar Jihar Ohio ya ba da rahoton cewa BaTaO2N da SrTaO2N na da ƙarfin ajiye caji mai yawan gaske wanda zafi ba ya cika sauyawa. Wasu na danganta hakan da sarƙar naitrojin ɗin nan, wasu kuma na ganin wani ɓangare na adadin ya fito ne daga ramuka da iyakokin ƙwayoyi na samfurin da bai dunƙule da kyau ba. Ba a iya yanke hukunci sai da samfuri mai tsabta, shi kuwa samfurin ne ke wuyar samu.

Kwamfuta ma ta shigo muhawarar. A 2023 Google DeepMind ya sanar da hasashen sabbin kiristal miliyan 2.2. A 2024 Anthony Cheetham da Ram Seshadri na Jami'ar California a Santa Barbara suka duba wani ɓangare na jerin, suka ce ba su ga hujja mai ƙarfi ta kayayyakin da suka haɗa sabunta da yiwuwa da amfani ba. Wannan suka ta fi cizo a fagen haɗakar anayon, domin lissafin yakan ɗauka kowane atom na da tsayayyen mazauni, alhali a zahiri oksijin da naitrojin sukan yi musayar wuri.

Abin da ake iya tsammani

Inda ake buƙatar gari ko siririn shafe, ba dunƙule ba, nan ne hanya ta fi kusa: hodar fitila da allon kallo, na'urorin gano eksire, shafen gilashi, da kuma batir marar ruwa, inda kamfanoni ke gwada sinadarai masu salfa da kulorin irin Li6PS5Cl. Kafasita da haidrojin daga rana kuwa da sauran tafiya.

Tsadar ƙarafa ma na da nata hukuncin. A shekarar 2000 Martin Jansen da Hans-Peter Letschert a Jamus suka nuna cewa oksinaitaraid na tantalom na ba da launi daga rawaya zuwa ja gwargwadon yawan naitrojin, babu gubar kadmiyom a ciki. Kimiyyar ta yi kyau, amma har yau bai kori fentin kadmiyom daga kasuwa ba, kuma farashin tantalom na cikin dalilai. A nan ne batun ya taɓo Nijeriya kai tsaye. Tantalait da kolumbait, duwatsun da ake ciro tantalom da niyobiyom daga cikinsu, ana haƙo su a Filato da Nasarawa, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait, wanda ake samu tare da kuza. Yau Kongo ce ke gaba a tantalom, Ruwanda da Nijeriya na cikin masu bi mata, kuma galibin abin da ake haƙowa ɗanye ake fitar da shi, a tace shi a wasu ƙasashe. Idan oksinaitaraid na tantalom suka samu kasuwa, buƙatar dutsen za ta ƙaru. Sai dai masu bincike da dama sun riga sun karkata ga neman madadi a tetaniyom da niyobiyom, irin su LaTiO2N da BaNbO2N, saboda sun fi araha, ko da yake har yanzu ingancinsu wajen raba ruwa na ƙasa da abin da ake nema.